Wace Hausa za mu ba «filets sociaux»?

Ɗan Katsinawa: Salamu alaikum. Kalmar Faransanci «filets sociaux» (filet shi ne raga), masu fassara a rediyo kowa da tasa: wani ya ce agaji, wani taimako, har da mai cewa "ragar jama'a". Raga kuwa a kunnen Bahaushe ta ƙwallo ce. Ina nufin shirin da gwamnatin Nijar ta fara a 2011 da kuɗin Bankin Duniya, jihar Maraɗi na cikin na farko: a lokacin jika goma (10.000 sefa) kowane wata, har wata 24, ana danƙa wa matar gida. Mu samo mishi suna.

Hajiya ta Tibiri: Wa alaikumus salam, ɗana. Agaji dai a cire shi. Agaji sai bayan abu ya faru ake kawo shi, kamar rabon cimaka a yunwar 2005. Wannan kuwa tun kafin gida ya durƙusa yake shiga. In rumbu ya ƙare a bakin damina, mai gida yakan fara da sayar da akuya, sai a ci iri, sai ya bar gonarshi ya tafi barema gonar wani, a ƙarshe ya ci bashin da zai biya da damman hatsi a kaka, lokacin da hatsin ba ya da daraja. Kuɗin wata-wata wannan gangarowar yake tsaidawa. Kada kuma a ce sadaka, don mai karɓa ba bara ya yi ba.

Malamin Lissafi: Hajiya, to me ya hana tallafi kawai? Kowa ya san shi.

Ɗan Katsinawa: Malam, ya yi faɗi. Hatsin da OPVN, ofishin cimaka na ƙasa, ke sayarwa da rahusa tallafi ne, takin zamani mai rangwame ma haka. Kashi na biyu na shirin an sa mishi Wadata Talaka, amma wannan sunan shiri ɗaya ne.

Hajiya ta Tibiri: Ku dubi rumbun da ya karkata. Ba a rushe shi, gwafa ake kawowa a tokare. Ni da za a bi tawa, tallafin tokare gida.

Malamin Lissafi: Na karɓa, har ma sunan ya nuna inda abin ke lalacewa, don gwafar da ta gajarce ba ta riƙe komi. In tiyar hatsi tana dala ɗari (500), jika goma tiya 20 ce. In ta kai jika, tiya 10, alhali bakunan gidan ba su ragu ba. Irin wannan tsada aka gani bayan takunkumin CEDEAO (ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma) na 2023, da aka rufe iyaka da Najeriya. Dole adadin ya riƙa bin farashin kasuwa. Sai jinkiri: kuɗin Yuni in suka zo a Satumba, akuyar ta riga ta tafi. Ga kuma rajista. Ana bi gida-gida a ƙidaya mutane, dabbobi da irin rufin ɗaki, sannan a karanta sunaye gaban taron gari. In takardar ta tsufa, wanda talauci ya kama bana ba ya ciki, kuma lokacin matsi irin su ne suka fi yawa.

Hajiya ta Tibiri: Shi ya sa ake haɗa shi da asusu, irin na Mata Masu Dubara da aka fara nan jiharmu ta Maraɗi a 1991. Don wata 24 na ƙarewa.

Ɗan Katsinawa: To mun tsaya: «filets sociaux» tallafin tokare gida. «Transfert monétaire» kuwa tallafin kuɗi a hannu, wanda ake haƙa ramuka masu siffar rabin wata a fako kafin a biya shi kuma ya riƙe sunanshi, gina-ka-ci. Malam, a kai wa ƴan rediyo.