Neman shawara: horon shugabannin sassa a lise

Salamu alaikum 'yan uwa malamai. Ni sansar ne, wato mataimakin shugaban makaranta mai kula da karatu, a wata lise (makarantar sakandare) nan Garwa a Kamaru, porobizer, wato shugaban makarantar, ya ɗora min shirya horo ga animatar-animatar ɗinmu, wato shugabannin sassan darussa, har da sirbeyan masu kula da ladabin ɗalibai, kuma wallahi ban san ta ina zan kama ba. Na so in gayyato insifekta daga delegasiyo, wato ofishin ilimi na yanki, ya yi musu bayani kan APC, tsarin koyarwa da ya dogara kan ƙwarewar da ɗalibi zai samu, amma kun san yadda ake yi, mutum na tsaye yana karanta takarda jama'a na danna waya. Me kuke gani?

Daga Marwa:
Wa alaikumus salam malam. Kyale APC ɗin nan, an yi ta har kunne ya gaji. Matsalar animata ba rashin sani ba ce, kunya ce. Zai buɗe kaye, wato littafin da ake rubuta darasin kullum, ya tarar wata biyu ba a rubuta komai ba, ajin da zai rubuta jarabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare ne kuma, mai ajin watakila shi ya koyar da shi yana yaro, to ta ina zai fara, ya ce baba ba ka gama porogaram ba? Sai ya sa hannu ya rufe, a tafi a haka har jarabawa ta zo. Ka ce kowa ya zo da kayen sashensa na gaske, a rufe sunaye, a raba su biyu-biyu, ɗaya ya zama dattijon ɗaya ya zama animata, su gwada maganar da bakinsu, da faransanci ko fulatanci ko hausa duk wanda ya zo. Za a sha dariya amma nan aikin yake.

Daga Ngaundere:
Gaskiya ne. Ni dai kar ka haɗa su da sirbeyan, nasu maganar makara ce da fashin ɗalibai, a ware musu wata rana. Ka sa Laraba da yamma tunda ba darasi, kar ya wuce awa 2, zafin Garwa ba wasa ba. Ruwan sanyi dole.

Wata malama:
Ku tuna da bakatar, malaman wucin gadi da APEE, wato ƙungiyar iyaye da malamai, ke biya. Mutumin da kuɗinsa ke makara animata zai matsa wa? A tattauna wannan ma don Allah.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Malam na Marwa, porobizer ya zauna a ciki ko in roƙe shi ya buɗe taron ya fita? Ina tsoron in yana nan ba wanda zai yi magana.

Daga Marwa:
Ya buɗe ya fita.