Biri ya yi kama da mutum: a ina ake faɗinta?

Ɗalibi a Madina: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. A makon jiya mun bi hanyar Al-Hada zuwa Ɗa'if, muka tarar da garken gwaggon biri a bakin titi, wata uwa tana rungume da ɗanta tana ɓare ayaba da yatsunta. Direbanmu ya ce lallai biri ya yi kama da mutum, sai wani dattijo a cikin motar ya ce masa ba a irin wannan wuri ake faɗin maganar ba. Wane ne ya yi daidai a cikinsu?

Baba na Makka: Wa alaikumus salam, ɗana. Dattijon ne ya yi daidai. Ana faɗinta ne idan ana zargin wani abu, sai alamu suka fara nuna cewa zargin yana da tushe. Kuɗi sun ɓace a shago, yaron shago ya rantse bai taɓa ba, bayan kwana biyu aka gan shi da sabuwar waya, to nan ne ake cewa biri ya yi kama da mutum. Ba a yanke hukunci ba tukuna, amma an daina kallon zargin a matsayin ƙage.

Malama a Jidda: Baba, Allah ya ƙara girma, amma ni ba zan ga laifin direban ba, domin karin maganar ba za ta yi ƙarfi ba in da kamar ba ta gaske ba ce. Tun a 1758 masanin Suwidin Carl Linnaeus ya sanya mutum da birai a rukuni ɗaya da ya kira Primates, kuma har yau masana suna kan wannan, sai dai sun cire jemage da ya haɗa a ciki. Abin da ya haɗa 'yan rukunin shi ne idanu biyu masu kallon gaba, da farce shimfiɗaɗɗe maimakon ƙumba mai kaifi, da hannu mai iya damƙa, da ƙwaƙwalwa babba, da kuma daɗewar ɗa a hannun uwarsa. Gwaggon birin da ɗan'uwanmu ya gani haƙoransa 32 ne, daidai da na baligin mutum, kuma shi kaɗai ne birin daji na yankin Larabawa, daga duwatsun Ɗa'if zuwa Abha har Yaman.

Alhaji a Riyad: Malama, a yi hattara. Allah ya karrama 'yan Adam, kamar yadda ya zo a Suratul Isra'i aya ta 70, kuma Hausawan da suka yi wannan magana su ne suka ce kama da wane ba ta wane. A garinmu ma akan ƙarasa ta da cewa wutsiya ce ta raba su.

Malama a Jidda: Alhaji, ban taɓa darajar ɗan Adam ba, domin masu rarraba halittu ƙirar jiki suke dubawa. Sai dai batun wutsiya ba zai tsaya ba. Gorila da cimfanzi da bonobo na dazuzzukan Afirka, da orangutan na tsibiran Borneo da Sumatra, duk ba su da wutsiya, kuma su ne masana suka sanya a gida ɗaya da mutum, nesa da gwaggon biri da jan birin da ke ɓarna a gonakinmu. Inda bambancin ya fito sarai shi ne tafiya a miƙe kan ƙafa biyu, da magana, har ma da kuromosom, wato zaren da ke ɗauke da gadon halitta a cikin ƙwayoyin jiki, waɗanda mutum yake da 46, su gorila kuwa 48. 

Baba na Makka: 'Yata, na karɓi gyara a kan wutsiya, domin kakanninmu jan biri suka sani, ba su taɓa ganin gorila ba. Amma a kan amfani ban sauka ba. Direban kwatanta dabba ya yi, bai yi karin magana ba. Da a ce wayar wani fasinja ce ta ɓace a wurin, aka zargi biran, sannan aka hango ɗaya a kan dutse yana jujjuya wani abu mai ƙyalli, da ya faɗe ta a muhallinta.