Ina gubar da sarrafa sukari ke haifarwa a cikin ƙwayar halitta take tafiya?

Ɗalibar Jinya:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga masana a kan wani abu da ya tsaya mini a rai. An koya mana cewa ƙwayoyin halitta suna sarrafa gulukos, wato sukarin da ke cikin jini, domin samun kuzari, aka kuma ce wannan aiki yana haifar da sinadarai masu guba ko da a jikin mai ƙoshin lafiya. To idan haka ne, me ya hana gubar kashe ƙwayar? Sannan me ya sa a ciwon sukari ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa ne suka fi jin jiki, alhali jini ɗaya ne yake zagaya ko'ina?

Malamin Kimiyyar Sinadaran Jiki:
Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Zan ɗauki tambayarki ta farko. Gubar iri biyu ce, kuma kowace da inda take fitowa.

Ta farko sunanta metilgilayoksal. Idan ƙwayar halitta ta tsaga gulukos gida biyu, wani ɗan kaso na gutsattsarin, wanda bai kai ɗaya cikin ɗari ba, yakan rikiɗe da kansa ya zama wannan sinadari ba tare da wani inzayim, wato furotin mai hanzarta aikin sinadarai a jiki, ya sa hannu ba. Illarsa ita ce yana manne wa furotin, musamman a wuraren da tubalansa masu suna arjinin da laisin suke, har ma da DNA, kuma furotin ɗin da ya manne wa ba ya sake aiki yadda ya kamata. Ƙwayar tana maganinsa da inzayim biyu, gilayoksalas na 1 da na 2: gulutatiyon, wani sinadarin kariya da ƙwayar ke ƙerawa, ya kama gubar, inzayim na farko ya sauya mata siffa, na biyu ya mayar da ita D-laktet, sannan ya saki gulutatiyon ya koma bakin aiki. Tun a 1913 Dakin da Dudley, da kuma Neuberg a nasa ɓangaren, suka gano wannan aiki.

Ta biyu daga maitokondiriya take fitowa, wato sashen ƙwayar da ke samar da kuzari, inda wasu lantarori (ƙananan ɓurɓushi masu cajin lantarki) kan zille su faɗa wa iskar oksijin, sai a sami sufa'oksayid. Inzayim ɗin SOD, wanda McCord da Fridovich suka bayyana aikinsa a 1969, yana mayar da shi haidurojin feroksayid, daga nan inzayim ɗin katalas, ko gulutatiyon feroksidas mai aiki da gulutatiyon, su mayar da shi ruwa. Sai dai a wannan karon gulutatiyon ba ya fita salin-alin. Sai an farfaɗo da shi da sinadarin NADPH kafin ya sake amfanuwa. Abin da yake burge ni a kullum shi ne, babbar hanyar samun NADPH ita ce hanyar fentos fosfet, wadda ita ma da gulukos take farawa. Wato sukarin da ya jawo dattin, daga jikinsa ake cire kuɗin shara.

Likitar Ciwon Sukari:
Malam ya shimfiɗa tushe, bari in ɗora a kan tambaya ta biyu. Ƙwayoyin tsoka da na kitse suna jiran insulin kafin su buɗe wa gulukos ƙofa sosai. Ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin ƙananan hanyoyin jini na ido da ƙoda, da na jijiyoyi, ba haka suke ba: idan sukari ya hau a jini, a cikinsu ma ya hau, ba su da ikon rage shigarsa yadda ya kamata. Daga nan matsala biyu suke haɗuwa. Gubar tana ƙaruwa, a lokaci guda kuma wani inzayim mai suna aldos ridaktas yana juya rarar gulukos zuwa sobitol, kuma da NADPH yake yin wannan aiki, wato da abin da ake buƙata domin farfaɗo da gulutatiyon. A ganina nan ne asalin haɗarin yake, domin ɓarna tana yawaita daidai lokacin da kariya take raguwa. Gwajin HbA1c da muke yi wa marasa lafiya ma awon yawan sukarin da ya manne wa himoglobin ne, wato furotin ɗin da ke cikin jan ƙwayar jini, kuma tunda jan ƙwayar jini tana rayuwa kimanin kwana 120, sai ya nuna mana yadda watanni biyu zuwa uku da suka wuce suka kasance.

Wanda yake son ganin muhimmancin NADPH da idonsa, ya dubi mai ƙarancin G6PD, inzayim na farko a hanyar fentos fosfet. Wannan larurar gado ce da ta shafi mutane kusan miliyan 400 a duniya. Jan ƙwayar jini ba ta da maitokondiriya, da hanyar fentos fosfet ta dogara wajen samun NADPH. Idan irin wannan mutum ya sha magani kamar firimakwin na zazzaɓin cizon sauro, ƙwayoyin jininsa kan farfashe cikin 'yan kwanaki, fitsari ya yi duhu, idanu su yi rawaya.

Ɗalibar Jinya:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Ke nan ya dace mai ciwon sukari ya riƙa shan ƙwayoyin bitamin masu yaƙi da wannan guba, Likita?

Likitar Ciwon Sukari:
Ba zan ba da wannan shawara ba sai idan an gwada an ga mutum yana da ƙarancin bitamin ɗin. A wani babban gwaji da aka yi a Finland kan maza masu shan taba kimanin 29,000, wanda aka wallafa a 1994, waɗanda aka ba bita-karotin, sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, sun fi kamuwa da sankarar huhu da kashi 18 cikin ɗari. Kuma jiki ba ya neman kawar da waɗannan sinadarai baki ɗaya, domin fararen ƙwayoyin jini da gangan suke ƙera sufa'oksayid su kashe ƙwayoyin cuta, haidurojin feroksayid ɗan kaɗan kuma saƙo ne a cikin ƙwayar. Idan ya ɗan ƙaru, furotin ɗin Keap1 yakan saki wani furotin mai suna Nrf2 ya shiga cibiyar ƙwayar ya kunna ƙwayoyin gadon da ke ƙera gulutatiyon da sauran inzayim na kariya. Motsa jiki yana tayar da wannan tsari. Abin da gwaje-gwaje suka tabbatar yana rage lalacewar ido da ƙoda shi ne saita sukari da hawan jini, don haka a nan nake so ki sa ƙarfinki idan kin fara kula da marasa lafiya.