Wane wasa ya dace ɗalibai su yi a kan ɗaukar alhaki?

Malama Mariama: Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. Ɗaliban da nake koyarwa a unguwar Nima da ke Accra suna so su yi wasan kwaikwayo a gaban iyayensu a ƙarshen zangon karatu, kuma jigon da muka tsayar shi ne ɗaukar alhaki. Ina neman shawararku a kan wani tsohon wasa da ya yi suna, wanda za mu iya mayarwa Hausa.

Malam Fuseini: Wa alaikumus salam, Malama. Ki duba The Gods Are Not to Blame na Ola Rotimi, wanda aka fara yi a Ife a 1968, lokacin yaƙin basasar Najeriya. Tun Odewale, jarumin wasan, yana jariri aka yi duba aka ce zai kashe mahaifinsa, amma abin da ya sa ya kashe wani dattijo a gona, wanda ashe mahaifin nasa ne, shi ne zafin zuciya, domin an yi wa ƙabilarsa ba'a. Da gaskiya ta bayyana bai fake da ƙaddara ba, ya ce raunin nasa ne. Muna buƙatar jin wannan, domin sau da yawa mukan ce haka Allah ya rubuta a kan abin da hannunmu ya jawo.

Hajiya Ayisha: Allah ya ƙara ilimi, Malam, sai dai a tuna cewa Odewale ya auri mahaifiyarsa har suka haifi 'ya'ya, kuma ba na jin iyaye za su jure kallon yaransu a wannan hali. Ni na fi son Edufa na Efua Sutherland, wanda aka buga a 1967, don na gida ne, wato Ghana. Edufa attajiri ne da ya je wurin boka saboda tsoron mutuwa, aka ba shi asirin da wani masoyinsa zai mutu a madadinsa, sai abin ya faɗa kan matarsa Ampoma. Mahaifinsa Kankam ya tsare shi da maganar, shi kuwa Edufa ya yi ta musu yana kare sunansa a gari alhali matar tana ƙarewa.

Alhaji Salifu: Hajiya, duka biyun suna da kyau, amma a cikinsu mutum ɗaya ne mai laifi, shi ya sa mai kallo zai iya tashi yana ganin abin bai shafe shi ba. 'Yata Mariama, ki ɗauki An Inspector Calls na J. B. Priestley, wanda aka fara yi a 1945, labarinsa kuma ya faru a Ingila a 1912. Iyalin Birling suna cikin shagalin baiko sai wani sufeto ya shigo da labarin wata yarinya, Eva Smith, da ta kashe kanta. Uban ya kore ta daga masana'antarsa don ta nemi ƙarin albashi, 'yar ta sa an sallame ta daga kanti saboda kishi, saurayin 'yar ya ajiye ta ya watsar, ɗan ya yi mata ciki, uwar kuma ta hana ta tallafin kwamitin agaji da take da faɗa a ji a cikinsa. Kowannensu yana ganin nasa ƙarami ne. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda iyayen suka koma fara'a da zarar sun zaci sufeton na bogi ne, yaran ne kaɗai suka ƙi sakin maganar. Idan kika mayar da Eva 'yar kaya, wato mai dako, a kasuwar Makola ta Accra ko mai aikatau a gidan wani babba, babu wanda ba zai gane ta ba.

Malama Mariama: Na gode, Baba. 'Yan wasa nawa yake buƙata, kuma yaya za mu yi da maganar cikin?

Alhaji Salifu: Mutum 7 ne, a ɗaki ɗaya, kuma Eva ba ta fitowa ko kaɗan, labarinta kawai ake ji. Maganar cikin a faɗe ta da sakaye, amma kada a cire ta, domin a kanta ne uwar ta yanke wa ɗanta hukunci ba ta san shi take nufi ba.