Raba Tukunya Ko Rage Cokali: Wanne Ya Dace Da Mai Iyali?

Maman Tagwaye: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni dai ina nan a kan bakana: mace mai miji da yara ba za ta rage ƙiba ba sai ta raba tukunyarta da ta gida. Wata uku ke nan ina kan tsarin keto, wato cin abinci mai ƙarancin sitaci da yawan maiƙo. Sitacin da nake ci a yini bai kai giram 50 ba, sukari kuwa ko ɗanɗana shi ba na yi. A sati biyun farko na sauke kilo uku. Duk wadda ta ce za ta ci abin da yara ke ci kuma ta rage ƙiba, yaudarar kanta take yi.

Anti Nas: Wa alaikumus salam. Sannu da ƙoƙari ƙanwata, amma mu duba kilo ukun nan. Jiki yana ajiye sitaci a hanta da tsoka, kuma kowane giram yana riƙe da ruwa kusan giram uku. Da kin yanke sitaci sai ajiyar ta ƙare, ruwan ya bi fitsari. Shi ya sa sikeli ke saurin sauka da fari. Shi keto ɗin ma ba don ƙiba aka ƙirƙiro shi ba, likitoci a Amurka ne suka fito da shi a 1921 don masu farfaɗiya.

Maman Tagwaye: Anti, kayana duk sun yi mini yawa. Ruwa kaɗai ba zai yi wannan a wata uku ba.

Anti Nas: Wannan kam gaskiyarki ce, kitse ma ya tafi.

Uwar Biyar: Ku bar ni in faɗi nawa, don ni ma na raba tukunya a shekarar bara. Ƙarfe biyar na asuba nake tashi, in haɗa na 'yan makaranta, in haɗa na maigida, sannan in ɗora nawa daban, in ruga wurin aiki. Da dare ma girki biyu, wanke-wanke biyu. Ranar da ƙaramin ya kwana da zazzaɓi ban runtsa ba, washegari duk abin da hannuna ya kai kansa ci nake yi, na rasa mai tsayar da ni. Amma ba wannan ya sa na daina ba. Wata rana 'yata mai shekara tara ta ture kwanonta, ta ce ita ma ba za ta ci ba kada ta yi ƙiba. Wallahi jikina ya yi sanyi. Ashe duk awon da nake yi da tsakin da nake ja a gaban madubi, idonta na kaina.

Baban Yara: Allah ya shirya mana su. Amma Yaya, kada mu yi wa takurawa kuɗin goro. An yi gwaji a Birtaniya, sakamakon ya fito a 2017: masu ciwon sukari nau'i na biyu suka koma cin kalori (ma'aunin kuzarin abinci) kusan 850 kacal a yini na wata uku zuwa biyar, bayan shekara guda kashi 46 cikin ɗari ciwon ya lafa musu. Matata ma tana da ciwon, shi ya sa nake bin maganar. Kuma in girki biyu ne matsalar, laifinmu ne mu maza da muke naɗe hannu.

Anti Nas: Maganarka ta ƙarshe na karɓa hannu bibbiyu. Sai dai waɗancan mutane ma'aikatan lafiya ne ke bibiyarsu, su suka tsayar musu da magani, su suka mayar da su kan abinci sannu a hankali. Mai allurar insulin in ya yanke abinci da kansa, sukarinsa na iya faɗuwa har ya suma. Don Allah kada Madam ta fara sai da likitanta. Mai ciki da mai shayarwa kuwa babu su a wannan hanya.

A kan raba tukunya kuma, jami'ar Stanford ta bi mutum 609 tsawon shekara, aka wallafa a 2018. Masu rage sitaci sun sauke kusan kilo shida, masu rage maiƙo kilo biyar da ɗoriya. Tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Abin da aka umarci ɓangarorin biyu iri ɗaya ne: yawaita kayan lambu, rage sukari da abincin kwali, a dafa a gida. Wanne ne a ciki yara ba za su iya ci ba?

Maman Tagwaye: To Yaya, tun da kika koma tukunya ɗaya, nawa kika sauke? Ki faɗa mini tsakani da Allah.

Uwar Biyar: Kilo huɗu a wata takwas. Rabin farantina ganye ne, na daina shan zaƙi, na daina cinye ragowar yara, ina tattaki da yamma. Bai dawo ba har yau.

Maman Tagwaye: Wata takwas! Ni ba ni da wannan haƙurin, kuma gwiwoyina sun daina ciwo, ba zan saki tsarina yanzu ba. Amma maganar 'yarki ta tsaya mini a rai. Rabona da zama cin abinci da tagwaye tun da na fara, a tsaye nake ci a kicin kada su roƙe ni. Daga daren yau zan ɗauko kwanona in zauna a tsakiyarsu. Anti, in suka tambaye ni me ya sa nawa daban, me zan ce musu?