Yaƙin Kalinga ne ya shigar da Ashoka addinin Buddha?

Hauwa: Jama'a, ga tambayar da ta fito a jarrabawar bara, kuma da alama za a maimaita: "Yaƙin Kalinga ne ya mayar da Sarki Ashoka mabiyin Buddha. Tattauna." Ni dai amsata eh ce. Wajen shekara ta 261 kafin Miladiyya Ashoka, sarkin daular Maurya ta Indiya, ya ci Kalinga, Odisha ta yanzu a Indiya. Shi da kansa ya sa aka sassaƙa a dutse cewa an kashe mutum 100,000, an kwashe 150,000, kuma ya yi nadama. Me ya rage?

Sagir: Da sauran rina a kaba, Malama. Rubutun dutsen nan na 13 da kike kafa hujja da shi bai ce ranar ya sauya addini ba. A wani ƙaramin rubutun, Ashoka ya ce ya haura shekara biyu da rabi yana mabiyi amma sakwa-sakwa, sai da ya kusanci limaman Buddha sannan ya dage. Ko ambaton yaƙi babu a wurin.

Bashir: Ni abin da ya ɗaure min kai, a Dhauli da Jaugada, cikin Kalinga ɗin kanta, ba a sassaƙa wannan nadamar ba. Ka ba da haƙuri inda wanda ka cuta ba zai ji ba? Ƙasarsu ma bai mayar musu ba. A cikin rubutun nadamar ne kuma ya ja kunnen mutanen daji cewa har yanzu yana da ƙarfin hukunci.

Hauwa: Malam Bashir, sarki ne fa, ba waliyyi ba. Ku nuna min ƙasar da ya sake mamayewa bayan nan. A shekara ta 20 da naɗinsa ya je har Lumbini, mahaifar Buddha, ya kafa ginshiƙi, ya rage wa garin haraji. Ɗansa Mahinda kuma ya kai addinin Siri Lanka.

Sagir: Madalla da kika kawo Siri Lanka. Littattafan tarihinsu ba su san zancen Kalinga ba. Wani yaro almajiri, Nigrodha, suka ce ya ja hankalinsa.

Hauwa: Waɗanda aka rubuta bayan ɗaruruwan shekaru? Gara min dutsen.

Zainab: Ku tuna mai maki "tattauna" ya ce. Ni zan rubuta cewa yaƙin ya ƙara masa himma, amma lokacin shigarsa masana ba su daidaita ba, in kawo rubuce-rubucen biyu da zancen Dhauli.

Hauwa: Zan kawo su, amma ta ɓangarena zan rufe. Wa ke da bayani kan taron limaman Buddha na uku na Pataliputra, babban birnin Ashoka?