Za ni zaman jin ra'ayi kan sauyin yanayi, me ya kamata in faɗa?

Ɗan Fadamar Wurno:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙungiyarmu ta manoman albasa ta samu gayyata zuwa wani zama a cikin garin Sakkwato, inda za a ji ra'ayin jama'a kan tsarin da jiha ke son shimfiɗawa game da sauyin yanayi. Ni aka wakilta, kuma an ce minti biyar kowa zai samu.

Abin da ke cin raina shi ne ruwan dam ɗin Goronyo. Ina saurayi a 2010 ambaliya ta shafe mana shinkafa ana dab da yanka, har hanyar jami'ar Ɗanfodiyo sai da ta yanke. A 2018 kuwa dam ɗin ya janye har muka rasa na ban ruwa. Rijiyar da mahaifina ke jan ruwa cikin sauƙi, yanzu sai na ƙara bututu kafin inji ya kama, ga fetur ya yi tsada tun 2023. In zuba duka ne, ko in riƙe ɗaya?

Tsohon Ma'aikaci, Mabera:
Wa alaikumus salam ɗana. Riƙe ɗaya, kuma ka je da ita a rubuce, da sa hannun shugabanninku. Na daɗe ina rubuta rahoton irin wannan zama. Abin da aka faɗa da baki yakan tsaya a zaure, takardar da aka miƙa ita ke shiga fayil.

Ka nemi a rubuta cikin tsarin cewa kafin a saki ruwan dam za a yi sanarwa da kwanaki, ta rediyo da bakin hakimai da masallatan Juma'a, da Hausa da Fulatanci. Ka tuna dam ɗin na tarayya ne, yana hannun hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, saboda haka ka tambaya wane ofishin jiha ne zai riƙa karɓo labari daga can ya isar muku. Sannan kada ka zauna sai ka ji a wane layi na kasafin kuɗi za a sa wannan aiki. Tun 2021 ƙasa ke da dokar sauyin yanayi, ga kuma shirin ACReSAL na Bankin Duniya, mai tallafa wa noma ya jure sauyin yanayi a yankuna masu ƙarancin ruwa, da jiharmu ke ciki. Wurin neman kuɗi akwai shi.

Inna Mai Ƙosai, Illela:
Ƙanena, don Allah in minti ɗaya ya rage ka yi maganar icce. Mu mata mu ke sayen shi kullum, mu mun san yadda ɗauri ke ƙanƙancewa. An sha kawo dashe nan bakin iyaka, amma bishiyar da ba a ba kowa amanarta ba, akuya ke cinye ta kafin bazara. A ba mata dashen zogale da magarya su raina cikin gida, a riƙa ƙirga wanda ya rayu bayan shekara. Kuma mata nawa aka gayyata wanga zama?

Bawan Allah, Sabon Birni:
Ni damuwata daban. Ƙananan hukumomi 23 gare mu, amma zaman na cikin birni. Mutumin da bai iya zuwa gonarsa saboda 'yan bindiga, wa zai kawo shi ya yi magana? Ka ce su fito gabas su zauna da mu, ko da a hedikwatar ƙaramar hukuma ne.

Ɗan Fadamar Wurno:
Na gode ƙwarai. Baba, maganar sanarwar dam zan riƙe, gobe bayan La'asar za mu zauna mu rubuta ta. Inna, ban ga sunan ƙungiyar mata ko ɗaya a takardar da ta zo mana ba, zan tambaya tun kafin ranar. Na Sabon Birni, turo mini abin da kake son a faɗa, in liƙa shi a bayan takardarmu.